Mazan Zumar Kukar Datti

Yayana Hambali mutum ne da ba a iya masa. Ni ce autarsu, Badi'a, kuma shekara hamsin da 'yan kai ke nan ina faɗa masa gaskiya yana yin abin da ya ga dama. Ina aure a cikin garin Gwarzo, ina sayar da zuma a kwalabe a cikin gida. Shi kuwa yana can ƙauyenmu a yankin Kara, da damina ya noma gero da gyaɗa, da rani ya koma wa amyoyinsa. Duk zumar da na taɓa sayarwa daga hannunsa ta fito, saboda haka idan na ce na san shi, na san shi har da ƙudajensa.

Sana'ar gado ce. Babanmu, Malam Datti, shi ya koya masa saƙa amya da gamba, a shafe bayanta da kashin shanu, a turara cikinta da kaki da wasu saiwoyi, a ɗaure ta a kan ɗorawa ko kaɗanya, a jira ƙudan zuma su zo su tare. Ƙudan namu ƙanana ne baƙaƙe, ga zafin rai kamar an aiko su. Tun ina yarinya nake jin haushinsu, domin ban taɓa ganin fuskar Baba daidai ba a lokacin ɗibar zuma. Kullum ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum, Inna na zaune da bakin wuƙa tana kankare masa ƙarin da suka bari a fata, tana mita, shi kuma yana dariya da rabin baki.

A gefen gonarmu akwai wata tsohuwar kuka mai kogo can sama. Ƙudan zuma na cikin kogon nan tun kafin a haifi Baba, kuma ba a taɓa ɗibar zumarsu ba. Baba ya ce su ne iri. Duk shekara gungu yakan tashi daga kogon ya je ya cika amyoyin mutane, har a shekarun farin da shanu suka yi ta faɗuwa kogon bai mutu ba. Baba ya tsare kukar nan da gaske, ya taɓa bin wani da gora har bakin rafi don ya kama shi da igiya a gindinta, shi ya sa har yau ake ce mata Kukar Datti. Da ciwon ajali ya kama shi, ina zaune a bakin ƙofa na ji ya ce da Hambali, "Gona idan ta kama ka sayar, ka sayar. Amma ƙudan kukar nan, kada su ƙare a hannunka."

Shekara bakwai da suka wuce reshen ɗorawa ya karye da Hambali. Cinya ta karye, ƙugu ya goce. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a gajarce, sai da sanda yake tafiya, hawan itace kuwa an yi ban kwana. Abokinsa Mato, wanda suka tashi tare suka koyi sana'ar tare, shi ya riƙa hawa yana ɗebo masa zumarsa. Hambali ya koma zaman tabarma a ƙofar gida. Ya rame, ya zama mafaɗaci, matarsa Dela ko ruwa ta miƙo masa sai ya sami abin cewa. Shekara biyu yana haka. Nakan je in tsokane shi don ya tanka, wata rana ya tanka, wata rana ya bi ni da ido kawai. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a shekarun nan ba, kuma ban taɓa faɗa masa ba, don da ya ci mutuncina.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani Alhaji ɗan birni ya buɗe gona a wajen Garo, a ƙasar Kabo, ya jera akwatunan zuma a ƙasa. An ce sarauniyoyin ƙudan nasa daga ƙasar waje aka kawo su a jirgi. Manya ne, jajaye, kuma wai ana buɗe akwatinsu da rana tsaka ba su kula mutum ba. Alhajin bai daɗe ba hankalinsa ya koma kan kiwon kaji, ya bar akwatunan ba mai kula, ƙudan suka riƙa tashi gungu-gungu suna shiga amyoyin maƙwabta. Hambali ya hau bayan babur da sandarsa ya je ya gani da idonsa. Ya roƙi Alhajin, aka ba shi akwati biyu. Ya ɗauro su a kan babur, ya ajiye su a ƙarƙashin mangwaron gonarmu, inda idan ka tsaya kana hango Kukar Datti.

Ranar da na fara ganinsa yana aiki da su, sai da na riƙe baki. Da hantsi, ba wani hayaƙin kirki, ya ɗaga murfi ya zaro saƙa kamar mai ɗauko faranti, ƙudan suna yawo a bayan hannunsa ko a jikinsu. Na ce, "Yau ga ƙudan da suka sami tarbiyya." Shi kuwa 'yan boko yake ce musu. Kafinta ya ƙera masa wasu akwatunan, cikin shekara uku suka zama goma sha biyu. Yayana ya dawo mutum. Ya yi ƙiba, ya koma barkwancinsa, har Dela ta riƙa bin sa gona tana riƙe masa bokiti. Duk wanda ya zo neman gungu ya ba shi, har mutanen Sabon Birni. Ni ma na ji daɗi, kwalabena ba su taɓa zama wayam ba. Ina faɗar wannan ne don kada a ce shi kaɗai ya so jajayen nan.

Mato ne ya fara lura. Ƙudan da ke shiga amyoyin kan itace yanzu ba baƙaƙe ba ne, ba kuma jajaye ba, wankan tarwaɗa ne. Halinsu ma ya canza. Baƙaƙen da muka sani, idan fure ya yanke a ƙarshen bazara, sukan rage haihuwa, ko su kwashe gaba ɗaya su koma fadama, in lokaci ya yi su dawo. Waɗannan kuwa sai su zauna su cinye abin da suka tara, su raunana, tsutsa ta shiga saƙa, kwarkwasa ta hau su ba su iya korar ta. Na Hambali ba su mutu ba, domin yana ba su ruwan sukari, ya kuma tsoma ƙafafun akwatunan a gwangwanayen baƙin mai. Na kan itace ba su da mai yi musu wannan hidima. Wata shekara Mato ya sauke amya ashirin, goma sha ɗaya ba komai a ciki sai yanar tsutsa da ƙazantarta. Wasu suka ce maganin feshi ne, wasu suka ce hannu aka sa.

Shekarar da ta biyo baya wata mata ta yi sallama a gidana. Ta ce sunanta Naja'atu, 'yar Kabo ce, tana bincike a jami'a a Kano a kan ƙudan zuma, an ce mata ni na san duk masu amya na wannan yanki. Na dube ta, 'yar siririya da gilashi da jaka a baya, na ce a raina harbi ɗaya zai mayar da ke Kano. Ashe na yi ƙarya. Kwana tara ta yi tana bin gonaki da Mato, yana hawa yana kamo mata ƙuda daga bakin kowace amya, tana zubawa a 'yan kwalabe tana rubutu a jiki. Har na kogon kuka ta sa aka kamo mata da raga mai dogon sanda. Ta ce za ta auna fikafikansu, ta kuma duba ƙwayoyin gado da ke jikinsu, waɗanda ke nuna wa ya haifi wa. An harbe ta sau shida, ko uffan ba ta ce ba.

Bayan wata uku ta dawo da takardu, na raka ta ƙauye. Muka zauna a zauren Hambali, shi da Mato a kan buzu, ni da ita a tabarma, Dela na leƙe daga ciki.

"Baba, mun same ku lafiya? Ya ƙafar? Ya iyali? Ya ƙoƙari?"

"Lafiya lau, Malama. Ya hanya? Ya mutanen gida? Madalla. To, me kwalaben suka ce?"

Ta ce cikin gidajen zuma arba'in da ta gwada, bakwai ne kawai ba su gauraya da jinin jajaye ba. Huɗu amyoyin Mato ne da ke can bakin fadama, biyu na wani dattijo ne a wajen Sabon Birni, na bakwai kuma kogon Kukar Datti. Na ga Hambali ya sauke numfashi da ya ji an ambaci kuka. Naja'atu ta ce kada ya yi saurin murna. Ta bayyana mana cewa sarauniyar zuma a farkon rayuwarta kawai take fita barbara, a sararin sama, ta haɗu da maza goma ko fiye daga kowane gida suka fito. Bayan nan ba ta ƙara fita, kuma duk 'ya'yanta mata, masu aikin nan, rabi jininta ne rabi na mazan da ta haɗu da su.

"Shi kuma namijin zuma," in ji ta, "ba shi da uba."

Hambali ya gyara zama. "A'uzubillahi. Malama, a gaban ƙanwata?"

Na ce masa ya yi mana shiru, jikokina huɗu. Naja'atu ta yi dariya, ta ce haka Allah ya halicce shi, daga ƙwan da ba a yi wa barbara ba yake fitowa, don haka jinin uwarsa kaɗai yake ɗauke da shi. Idan uwar baƙa ce tsantsa, shi ma haka. Idan ja ce, ja ne. Sai ta juya wajen Mato.

"Baba Mato, abin da ya ɗaure mini kai, na duba amyoyinku ban ga saƙar maza ba. Ina mazan naku suke zuwa?"

Mato ya ɗaga kai da alfahari. "Ai mu ba ma barin su. Da mun buɗe amya a ɗiban farko, saƙar nan mai manyan idanu masu tudu, yanke ta muke mu watsa wa kaji. Cima-zaune ne, ba sa ɗebo fure, ba sa harbi, sai ci. Haka iyayenmu suka koya mana."

"Baba Hambali, kai fa, a akwatunanka?"

Ya ce shi bai taɓa yankewa ba, zumar ta wadata, bai ga dalilin da zai tsananta musu ba.

Ko ni da ban taɓa riƙe amya ba, sai da na gane. A zamanin Baba daji cike yake da itatuwa masu kogo, ko an yanke mazan amya akwai dubbai a dawa. Yanzu an sare itatuwan an yi gawayi, an mayar da dajin gona. Duk shekara, daidai lokacin da sababbin sarauniyoyi ke fita, mutanenmu sun riga sun ciyar da kaji da mazan baƙaƙe, sama kuma ta cika da mazan akwatunan Hambali. Da hannunsu suka yi, suna ganin gyara suke yi.

"Kukar fa?" in ji Hambali.

Ta ce tsohuwar sarauniyar kogon tun kafin jajaye su yi yawa ta yi barbara, ko kuma sa'a aka yi. Amma da wuya ta wuce bana ba ta tashi da gungu ba. Idan ta tashi, sabuwa za ta gaje ta, ta fita neman maza, kuma gidajen da suka fi kusa da ita su ne akwatuna goma sha biyun da ke ƙarƙashin mangwaro. Kogon kuka kuwa ba akwati ba ne da za a buɗe a gyara. Hanya ɗaya ce ta sani. A bar mazan baƙaƙe su yi yawa, a kuma cire sarauniyoyin jajaye da ke kusa kafin mazan bana su ƙyanƙyashe, a ba akwatunan ƙwan baƙaƙe su reni sababbi. Ta ce ba ta yi alkawarin za a dace ba. Ta kuma ce, tana kallon sandarsa, idan aka yi haka ƙudan akwatunan za su koma masu harbi kamar na da.

Da suka fita na tare shi. Ban ɓoye masa ba, ni ban goyi bayan abin ba.

"Yaya, ka manta shekara biyun da ka yi a kan tabarma? Wa zai gudu idan suka taso? Kai da ko akuya ba ka iya kora? Ka bar kuka ta yi yadda Allah ya so, ka ci sauran kwanakinka cikin rufin asiri."

"Badi'a, ke ma kin ji abin da Baba ya ce ko ni kaɗai na ji?"

"Baba bai san za ka karye ba."

"Bai ce idan ƙafata lafiya ba. Ni na ɗauro su a kan babur na kawo su gindinta. Ni zan fitar da su."

Na yi fushi, na hau mota na koma Gwarzo, sati biyu ban kira shi ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Na ga yadda zama ya kusa kashe shi, kuma jajayen nan su suka tashe shi.

Shi kuwa ya ɗauki sandarsa ya fara yawo. Kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya tare masu amya ya ce su bar yanke saƙar maza, su kuma jinkirta ɗiban farko. Suka mayar da shi abin dariya. Aka sa masa suna waliyyin ragwaye. Wani ya ce tunda mazan ba su da uba, Hambali ya ɗauki riƙonsu. Ya je wajen dattijon Sabon Birni sau uku, a na ukun mutumin ya amince don ya gaji da ganinsa. Mato ne ya fi ba shi wuya, ga shi amyoyi huɗun nasa su ne jigon aikin. Mato ya yi asara shekara biyu a jere, yanzu kuma a ce ya bar cima-zaune su cinye ɗan abin da ya rage? Ranar da suka yi ta ƙarshe, a gaban mutane ya ce, "Kai da ka kawo annobar kana zaune da akwatunanka cike, ni za ka ce in yi haƙuri? Ka fara da naka mu gani."

Hambali ya ce, "Ranar Talata, da hantsi. Duk mai son gani ya zo."

Dela ce ta kira ni a waya, na zo. An gama girbi, gawo ya fara fure. Mutum kusan ashirin suka tsaya nesa da mangwaron. Hambali ya jingine sandarsa, ya buɗe akwatin farko, ɗaya daga cikin biyun da ya ɗauro daga Garo. Ya yi ta ɗaga saƙa ɗaya bayan ɗaya har ya same ta. Doguwa ce, ja kamar man shanu soyayye, ta hau babban yatsansa tana tafiya a hankali, ba ta san komai ba. Ya daɗe yana kallon ta. Ya yi bisimilla, ya matse ta tsakanin yatsu biyu, ya haƙa ƙasa da ɗan yatsa ya binne. Sannan ya ɗauki wuƙa ya yanke duk saƙar mazan da ke cikin akwatin, irin yankan da iyayenmu suka koyar, amma yau a inda ya dace.

Dela ta ajiye bokitin ta koma gida tun a akwati na uku. Goma sha biyu ya yi, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ko ƙuda ɗaya bai harbe shi ba. Da ya rufe na ƙarshe ya juyo yana neman Mato da ido, bai gan shi ba. Ashe Mato ya tafi tun a akwati na shida. Can sai ga shi ya dawo daga bakin fadama, kunne a kumbure, riƙe da ƙwarya an rufe da tsumma mai laima. Gutsattsarin saƙa ne masu ƙwai daga baƙaƙen amyoyinsa. Ya durƙusa suka shiga ɗaure su da zare a cikin akwatunan yadda Naja'atu ta nuna musu.

Ba duka aka dace ba. Akwati biyar suka kasa renon sarauniya, suka mutu. A shekarar kwalabena sun yi ƙura a kan kanta, masu saye suka koma wani gida, na kuma faɗa wa Hambali hakan duk lokacin da na gan shi don kada ya zaci na huce. Amma bakwai sun tsaya da sababbin sarauniyoyi baƙaƙe. Naja'atu ta ce ko da wasunsu sun haɗu da mazan jajaye daga amyoyin maƙwabta, 'ya'yansu maza dai tsantsa za su fito, tunda jinin uwa kaɗai suke ɗauka. Hambali ya ce ashe rashin uban ma da ranarsa.

Da ɗorawa ta yi fure, gungu ya tashi daga Kukar Datti. Tsohuwar sarauniya ta tafi. Daga ranar Hambali ya mayar da tabarmarsa gindin kukar. Kullum bayan azahar, lokacin da maza ke fita, yana nan zaune ya ɗaga kai sama har wuya ya ƙage. Ba abin da zai iya gani daga ƙasa, ni ma na faɗa masa. Ya ce yana jin ƙararsu, wai ƙarar namiji ta fi kauri. Sati uku ya yi a haka, Dela na aika masa da fura can.

Bayan wata biyu Naja'atu ta zo da ragarta ta kamo ƙuda talatin a bakin kogon. Muka yi ta jira har damina ta sauka. Ni ta kira, don wayar Hambali kullum ba caji. Ta ce cikin talatin, ashirin da shida baƙaƙe ne tsantsa, huɗu sun gauraya. Ta ce in gaya masa ba a gama ba, har yanzu akwai wankan tarwaɗa a amyoyin mutane, sai an yi ta barin maza kowace shekara, wataƙila shekara biyar, wataƙila fiye. Na hau mota a ranar na kai masa saƙon da bakina. Yana tsugune yana gyara fartanya. Ya saurara har na gama, ya ce, "Huɗu." Na ce ashirin da shida fa. Ya ce ya ji, amma huɗun ne aikin baɗi, in Allah ya kai rai. Ko alhamdulillahi sai da na tuna masa.

Bana da bazara lokacin ɗiba ya yi. Na yanka tsohon gidan sauro na ɗinka masa a jikin malafa, na ce idan bai sa ba kada ya ƙara kirana ƙanwarsa. Ya sa. Suka tafi gona da Mato da sassafe da ƙunshin ciyawa mai hayaƙi, ni da Dela muka zauna a tsakar gida muna tsince wake. Abin da ya faru Mato ne ya ba mu labari daga baya. Da aka ɗaga murfin farko ƙudan suka taso kamar an watsa tsakuwa. Mato, da ya shekara arba'in a sana'ar, ya jefar da hayaƙin ya ranta a na kare. Hambali ba shi da ƙafar gudu, kuma ko da yana da ita ban ce zai gudu ba. Ya tsaya ya zaro saƙar zumar, ya bar ta maza a inda take, ya mayar da murfi ya daidaita shi, sannan ya ɗauki bokiti da sanda ya taho a hankali, suna bin sa. Ɗinkina kuwa ya ɓalle a wajen wuya, ta nan suka sami hanya.

Da ya yi sallama ya cire malafar, Dela ta yi salati. Ido ɗaya ya rufe, leɓen sama ya yi suntum. Na tashi ina faɗa, ina cewa ai ga irinta nan, na ɗauko wuƙa na zaunar da shi a kan turmi, na kama haɓarsa na juyo fuskar wajen haske don in kankare ƙarin. Fuskar Baba ce a hannuna, ita ce sak, har da dariyar nan ta rabin baki. Shekara talatin rabona da ita. Na tsani ƙudan nan tun ina yarinya, kuma ban san ina kewar su ba sai a wannan safiya. Hawaye suka zubo mini, ban iya hana su ba.

"Badi'a," ya ce, da ƙyar leɓen ke motsi, "kin gani? Sun dawo."

Na goge ido da gefen mayafi. Na ce ya rufe baki ya daina motsi, akwai sauran guda uku a bayan kunne.